Odita Na Waye? Abin Da Dokar Kamfanoni Ta 2020 Ta Tanada

Duk kamfanin da ya kai wani matsayi a Najeriya, doka ta wajabta masa ya kira wani akanta daga waje a ƙarshen shekara ya binciki littattafansa, ya sa hannu cewa lissafin da aka fitar gaskiya ne. Wannan mutumin shi ne odita. Kamfanin ne ke biyansa, a ofishin kamfanin yake zama ya yi aikin, manajojin kamfanin ne ke miƙa masa fayil har da shayi. Amma a idon doka ba domin su yake aiki ba. Rahotonsa na masu hannun jari ne, kuma da shi banki ke dogara kafin ya ba da rance, da shi hukumar haraji ke auna abin da za ta karɓa. Sassa na 401 zuwa 415 na Dokar Kamfanoni, wato CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, kusan duk a kan matsala ɗaya suke: yaya za a yi mutum ya faɗi gaskiya a kan wanda ke biyansa?

Dokar ta fara da tankaɗe. Sashe na 403 ya hana a naɗa jami'in kamfani ko ma'aikacinsa odita, haka ma abokin kasuwancin jami'in ko yaronsa. Wannan tsohon zance ne, yana cikin dokar 1990 da aka soke. Sabuwar ta ƙaro wasu. Wanda kamfanin ke bin sa bashin da ya haura naira 500,000 ba zai bincike shi ba, domin wanda ake bi bashi ba ya iya ɗaga murya. Sai kuma wanda ya fi taɓa mu: duk ma'aikaci ko mai ba da shawara da ya shafe fiye da shekara ɗaya yana rubuta wa kamfanin littattafan kuɗi ko yana haɗa masa lissafin ƙarshen shekara, bai cancanci ya zama oditansa ba.

A nan ne kamfanonin gida da yawa ke tuntuɓe, irin waɗanda Alhaji ne shugaba, ƙaninsa darakta, babban ɗansa ke riƙe da sito. Akanta ɗaya ne amintacce, ya daɗe tare da gidan. Shi ke shigar da rasit, shi ke daidaita asusun banki, kuma idan shekara ta ƙare shi zai ɗauko hatiminsa ya buga cewa ya bincika ya gamsu. Ko da mutumin kirki ne, kuma galibi haka suke, ba wanda ke ganin kuskurensa da idon baƙo. In kuwa Alhaji ya ce masa, "Malam, a ɗan gyara ribar nan, za mu nemi rance," to zumuncin shekaru ne zai yi magana kafin ƙa'ida ta buɗe baki. Ba a ba kura ajiyar nama, kuma dokar ta gwammace kada ma a sa mutum a wannan jarrabawar.

Masu ƙananan kamfanoni sun sami sassauci. Sashe na 402 ya ɗauke musu wajibcin naɗa odita, in dai kamfanin mai zaman kansa ne, cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan an cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, babu baƙon ƙasar waje ko gwamnati a cikin masu shi, kuma daraktoci ne ke riƙe da aƙalla kashi 51 cikin 100 na jarin. Bankuna da kamfanonin inshora ba sa cikin wannan rangwamen. Sai dai ɗauke odita bai ɗauke wajibcin ajiye littattafai na gaskiya ba.

Me ake tsoro har aka yi wannan shinge? A 2006 aka gano cewa kamfanin Cadbury na Najeriya, mai yin Bournvita da Tom Tom, ya yi shekaru yana kumbura lissafinsa, abin da ya kai kimanin naira biliyan 13. Ɗaya daga cikin dabarun da aka yi amfani da su mai sauƙin fahimta ce. Ana dab da rufe shekara sai a tura wa diloli kaya fiye da abin da suka nema, a rubuta an sayar, riba ta hau a takarda, alhali katan-katan na jibge a sito ba wanda ya saya. Odita mai bin diddigi zai tambaya: ina kuɗin wannan cinikin? Me ya sa cinikin Disamba ya yi tsalle, kaya kuma suka riƙa dawowa bayan sabuwar shekara? A 2008 hukumar kula da kasuwar hannayen jari, SEC, ta hukunta kamfanin da wasu shugabanninsa, ta kuma ci kamfanin da ya yi masa binciken tarar naira miliyan 20. A Amurka abin ya fi muni. Kamfanin binciken lissafi na Arthur Andersen ya karɓi dala miliyan 25 daga kamfanin makamashi na Enron a matsayin kuɗin bincike a shekarar 2000, da wasu miliyan 27 na ba da shawara da sauran ayyuka. Enron ya durƙushe a 2001, Andersen ya bi shi a 2002. Wanda ke samun irin wannan kuɗin daga hannu ɗaya, da wuya ya so ɓata wa mai hannun rai.

Sassa biyu na sabuwar dokar daga irin wannan darasin suka fito, kuma a ganina su ne suka fi amfani. Sashe na 405 ya ce shugaban gudanarwa da babban jami'in kuɗi na duk kamfanin da ba ƙarami ba dole su sa hannu da kansu cewa sun duba lissafin, babu ƙarya a ciki, ba a ɓoye wani muhimmin abu ba, kuma sun sanar da odita duk wata damfara da ta shafi masu riƙe da ragama. Zancen "ni ban san lissafi ba, akanta ne ya yi" ya ƙare ke nan. Sashe na 406 kuma ya mai da shi laifi ga darakta ko jami'i ya matsa wa odita, ya yaudare shi, ko ya juya shi domin lissafin ya ɓatar da mutane. Ƙaramin akantan da ake kira ofis a ce ya canza kwanan wata a takardar ciniki ya kamata ya san da wannan, domin wanda ya ba shi umarnin ma yana taka doka, kuma bin umarnin ba zai wanke shi a gaban ƙungiyarsa ta akantoci, ICAN ko ANAN, ba.

Shi ma oditan ba a bar shi sakaka ba. Yana da ikon ganin kowane littafi da rasit a kowane lokaci, kuma in an hana shi dole ya faɗa a rahotonsa. In ya yi sakaci har kamfanin ya yi asara, sashe na 415 ya ba da damar a kai shi kotu, in daraktoci suka ƙi, mai hannun jari na iya shigar da ƙarar bayan ya ba kamfanin sanarwar kwana 30. In kuma ya ajiye aikin, ba zai sulale shiru ba: sashe na 412 ya ce takardar murabus ɗinsa ta bayyana ko akwai wani abu da ya kamata masu jari da masu bin bashi su sani. Ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na 2018 da hukumar kula da rahotannin kuɗi, FRC, ta fitar sun ƙara da cewa kada kamfanin bincike ɗaya ya wuce shekara 10 a jere a wuri guda, sai ya huta shekara 7 kafin ya dawo, jagoran binciken kuma a sauya shi duk shekara 5. Sabo ne ake gudu.

Inda nake ganin rauni shi ne wurin masu jarin kansu. Su ke naɗa odita a babban taron shekara, su ke da ikon cire shi. A kamfanin da ke sayar da hannun jari ga jama'a, sashe na 404 ya kafa kwamitin bincike mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwa. A tsohuwar doka kunnen doki ake yi, yanzu rinjaye na masu jari ne. Dukkansu dole su iya karanta lissafin kuɗi, aƙalla ɗaya ya zama ƙwararren akanta mai rajista, kuma ba a biyansu albashi. Amma mutanenmu da yawa da suka sayi hannun jarin bankuna da kamfanoni, takardar na cikin akwati, ba su taɓa buɗe rahoton shekara ba balle su halarci taro. Duk mai hannun jari, komai ƙanƙantar abin da ya mallaka, yana da damar gabatar da sunan wani mai jari ya shiga wannan kwamitin. Abin da ake buƙata shi ne ya rubuta wa sakataren kamfanin aƙalla kwana 21 kafin ranar taron.