Cikon haraji na kashi 15: yadda dokar take aiki a kan kamfanonin magani na Ayilan

Kusan duk allurar Botox (wadda aka fi sani da rage tamojin fuska) da ake yi wa mutane a duniya daga Westport take fitowa, wani ƙaramin gari a yammacin Ayilan. Sinadarin da ke cikin Viagra kuwa an daɗe ana haɗa shi a Ringaskiddy, ƙauyen bakin teku kusa da birnin Cork, inda kamfanin magani na Pfizer ya kafa masana'anta tun 1969. Eli Lilly na Kinsale, Regeneron na Limerick, MSD ta bazu a garuruwa da dama. Ƙasar da mutanenta miliyan 5 ne da 'yan kai, ko jihar Kano ba ta kai ba, amma magani ne kan gaba a kayan da take fitarwa, kuma Amurka ce babbar mai saye.

In ka tambayi jami'an gwamnati a Dublin, babban birnin ƙasar, abin da ya kawo kamfanonin nan, za su lissafa maka jama'a masu ilimi, da harshen Ingilishi, da shiga kasuwar Turai tun 1973. Duk gaskiya ne. Sai dai haraji ne ƙashin bayan lamarin. Tun 1956 aka fara yafe haraji a kan ribar kayan da aka ƙera don fitarwa waje. A 1981 aka koma kashi 10 cikin 100 ga masana'antu, daga 2003 kuma aka tsaya a kan kashi 12.5 ga ribar kasuwanci gaba ɗaya. Wannan lamba ta zama kamar tutar ƙasa, gwamnati ta zo ta wuce ba mai taɓa ta.

Magani ya fi sauran kaya dacewa da irin wannan tsari saboda dalili guda. Kuɗin haɗa ƙwayar magani kaɗan ne in aka kwatanta da farashinta. Tsadar tana cikin haƙƙin mallakar fasahar da aka ƙirƙiro maganin da ita. Shi kuwa haƙƙin mallaka takarda ce, ba ta da nauyi, ana iya mayar da ita reshen kamfani da ke Cork. Da zarar ta koma can, ribar maganin da aka sayar a Chicago sai ta bi ta, a yi mata haraji a Ayilan.

Wannan ne ya daɗe yana ci wa manyan ƙasashe tuwo a ƙwarya. A 2021, ƙarƙashin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da akasarin membobinta ƙasashe ne masu arziki, ƙasashe fiye da 130 suka amince cewa kowane babban kamfani mai rassa a ƙasashe daban-daban ya biya haraji kashi 15 a duk inda ya ci riba. Da farko Ayilan ta ƙi. Ministan kuɗinta na lokacin, Paschal Donohoe, ya tsaya kai da fata a kan kalma ɗaya tak: daftarin ya ce "aƙalla" kashi 15, shi kuma yana tsoron gobe a ce 18, jibi a ce 21. Sai da aka goge kalmar sannan ya sa hannu, a watan Oktoba. Tarayyar Turai ta mayar da yarjejeniyar umarni a Disambar 2022, Ayilan ta shigar da ita cikin dokar kuɗinta ta 2023, ta fara aiki a kan shekarun lissafin da suka soma daga 31 ga Disambar 2023.

Abin da mutane suka fi ruɗewa a kai shi ne zaton an ɗaga harajin ƙasar daga 12.5 zuwa 15. Ba a ɗaga ba. Kashi 12.5 na nan daram ga mai kantin magani a Galway da ƙaramin kamfanin da ke ƙera kayan asibiti. Sabuwar dokar ta shafi rukunin kamfanonin da cinikinsu na duniya baki ɗaya ya kai Yuro miliyan 750 a shekara, cikin aƙalla shekara biyu daga huɗun da suka gabata. Ciniki ake dubawa, ba riba ba, kuma na uwar kamfani da duk rassanta a haɗe. Manyan kamfanonin maganin da na ambata sun wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake lissafin. A tara ribar duk rassan kamfanin da ke Ayilan, kamar yadda take a littafin akanta bayan wasu gyare-gyare. A tara harajin da suka biya a kanta. A raba, a ga kashi nawa ya kama. In bai kai 15 ba, a biya abin da ya rage. Ciko ne, irin wanda mai awo ke yi in mudu bai cika ba.

Amma kafin a ɗora cikon, ana cire wani kaso na ribar a ajiye gefe, gwargwadon albashin ma'aikata da darajar gine-gine da injuna da kamfanin ke da su a ƙasar. A 2024 kason ya kusa kashi 10 na albashi da kusan kashi 8 na kadarori, yana raguwa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a kashi 5 kowanne. Bari mu ƙaddara wani kamfani da ya ci ribar Yuro miliyan 1,000 a Ayilan, ya biya miliyan 125. Yana biyan albashin miliyan 100, masana'antarsa kuma ta kai miliyan 1,000. In muka yi amfani da kashi 5, za a cire miliyan 55, saura 945. Tun da kashi 12.5 ya biya, saura 2.5 ya cika 15, kashi 2.5 na wannan 945 ɗin shi ne cikon, wato miliyan 23.6 ko kusa da haka. Wanda kuwa ba shi da komai a ƙasar sai ofis da allo a ƙofa, babu abin da za a cire masa. A nan kamfanonin magani suka fi wasu samun sauƙi, domin su da gaske suna da tankuna da bututu da dubban ma'aikata.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: wa zai karɓi cikon? Dokar ta jera masu haƙƙi. Ƙasar da aka ci ribar a cikinta ce ta farko, in ta yi dokar karɓa. In ba ta yi ba, ƙasar da uwar kamfanin take sai ta karɓa. In ita ma ta kau da kai, sauran ƙasashen da kamfanin ke da rassa su raba a tsakaninsu. Dabarar ke nan: kuɗin zai fita daga aljihun kamfani ko ta yaya, don haka ƙin karɓa ba alheri ba ne ga kamfanin, kyauta ce ga baitulmalin wata ƙasa. Ayilan ta gane wannan, ta kafa nata cikon na gida. Ƙasar da aka yi dokar don a rage mata cin bulus, ita ce ta farko a layin karɓa. Kamfanoni na da wata 15 bayan ƙarshen shekara su kai bayani, a karon farko kuma wata 18, abin da ya sa wa'adin farko ya faɗo a ƙarshen Yunin 2026.

Akwai wani gyara da ba a cika maganarsa ba, alhali ya fi shafar masu magani. Ayilan na ba da rangwamen haraji ga kamfanin da ya kashe kuɗi a bincike. A sabon lissafi, rangwamen da ke rage haraji kawai yana saukar da kason da kamfani ya biya, ciko kuma ya zo ya lashe shi, an ba ka da dama an karɓe da hagu. Amma in gwamnati za ta biya rangwamen kuɗi a hannu cikin shekara huɗu, ana ɗaukarsa a matsayin kuɗin shiga, illarsa ga lissafin kaɗan ce. Sai Ayilan ta sake fasalin nata ya zama ana biyan sa kuɗi a hannu sau uku cikin shekara uku, ta kuma ɗaga shi daga kashi 25 zuwa 30 daga 2024. Gasar jawo kamfanoni ba ta mutu ba, riga ta canja.

Shin masana'antun za su tattara su tafi? Ni dai ban ga alamar ƙarin kashi 2.5 zai kore su ba. Masana'antar magani ba rumfar kasuwa ba ce. Ginin ta na cin shekaru, kuma kowane maganin da za a haɗa a ciki sai hukumomi irin su FDA ta Amurka sun amince da wurin da hanyar haɗin. Abin da ke iya tashi dare ɗaya shi ne takardar mallaka, ita ce kuma ke ɗauke da ribar. Harajin kamfanoni da Ayilan ta tara ya tashi daga Yuro biliyan 4.6 a 2014 zuwa kusan biliyan 24 a 2023, kuma kamfanoni goma kacal ke biyan fiye da rabinsa. Shawarar mutum biyu ko uku a wani ɗakin taro a Amurka na iya girgiza kasafin ƙasa.

Amurka kuwa ba ta taɓa shigar da yarjejeniyar cikin dokarta ba. A Janairun 2025 Donald Trump ya ce ba ta da wani ƙarfi a ƙasarsa, a watan Yuni kuma ƙasashen G7, wato manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu, suka amince a tsame kamfanonin Amurka daga matakan nan biyu na baya, wato karɓar ƙasar uwar kamfani da rabon sauran ƙasashe. Cikon gida bai shiga cikin abin da aka tsame ba, shi ne kuma wanda Ayilan ke karɓa. Najeriya ma, wadda ta ƙi sa hannu a 2021, ta sa irin wannan ƙa'ida ta kashi 15 ga manyan kamfanoni a dokar harajinta ta 2025.

Kada kuma a haɗa wannan da wani kashi 15 da ake ji a labarai. A yarjejeniyar ciniki ta 2025 tsakanin Amurka da Tarayyar Turai, an sa kashi 15 a matsayin iyakar kuɗin fito a kan magungunan Turai masu shiga Amurka. Wancan kuɗin kwastan ne, ana biyan sa a kan darajar kaya a tashar Amurka, ya shiga asusun Washington. Cikon da muke magana a kai ana biyan sa a kan riba, a Dublin.