Kofin da Aka Ware: Tambayoyin Baƙo Kan Jati da 'Yan Aiki a Indiya

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya Delhi, ko ya kai ɗa karatu Noida, birnin da ke maƙwabtaka da Delhi, ya kama haya a dogayen benayen nan, zai dawo da tambayoyi a bakinsa. Da sassafe mata 'yan aiki ke tururuwa a bakin get, kowace da katin shaida a hannu. Mai gadi ya duba, ya nuna musu lif ɗin baya, wanda ake ɗora kaya da shara. In ka leƙa kicin kuma, za ka ga kofi guda na ƙarfe can gefe, ba ya haɗuwa da sauran.

Me ya sa 'yar aiki take da kofinta daban, ta kuma zauna a ƙasa alhali ga kujera?

Matar gida za ta ce maka don tsafta ne. Sai dai wadda aka ware wa kofin ita ce ta wanke duk kwanukan gidan, ta goge su. Tushen abin wani tsohon imani ne cewa akwai mutanen da ake haifa da ƙazanta, wadda sabulu ba ya fitarwa. Shi ya sa gidaje da yawa ke ɗaukar mata biyu: mai girki daban, mai shara da wankin banɗaki daban, kuma ta biyun ba ta taɓa tukunya. A wasu gidajen ma banɗakin da ta wanke ba ta da izinin shiga in buƙata ta kama ta. Wani babban bincike na gidajen Indiya da aka yi a 2011 zuwa 2012 ya nuna kusan gida 27 cikin 100 sun amsa da bakinsu cewa suna yin irin wannan ƙyama.

Mene ne ainihin jati?

Jati rukuni ne da ake haifar mutum a ciki, a yi aure a ciki, a mutu a ciki. Akwai dubbansu, kuma da yawa an san su da wata sana'a ta gado. Tsoffin littattafan Hindu sun kasa mutane gida huɗu: Brahmin masu addini da karatu, Kshatriya masu mulki da yaƙi, Vaishya 'yan kasuwa, sai Shudra masu hidima. A ƙarƙashin waɗannan akwai waɗanda ba a ma saka su a lissafi ba, aka bar musu kwasar kashi, jima da ɗauke mushe. Su ne yau ke kiran kansu Dalit, wato waɗanda aka murƙushe. Ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 200, kusan kashi 16.6 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Sau da yawa sunan dangi kaɗai ya isa ya tona asalin mutum.

Ba doka ta hana ba?

Ta hana tun 1950. Sashe na 17 na kundin tsarin mulki ya soke ƙyamar taɓa mutum, kuma wanda ya jagoranci rubuta kundin, Dakta B. R. Ambedkar, shi kansa Dalit ne da ya yi makaranta ana hana shi taɓa randar ruwa. An ware wa Dalit gurabe a jami'o'i, aikin gwamnati da majalisa. A 1989 an yi dokar hukunta masu cin zarafinsu, a 2013 aka sake ƙarfafa haramcin kwasar kashi da hannu. Dalit biyu sun zama shugaban ƙasa: K. R. Narayanan a 1997 da Ram Nath Kovind a 2017. Amma har yanzu mutane na mutuwa a cikin magudanar bahaya, kuma doka ba ta shiga kicin ɗin kowa.

To duk 'yan aiki Dalit ne?

A'a. Da yawa matan ƙabilun daji ne daga Jharkhand da Odisha, wasu talakawa ne daga Bihar da Bengal ta Yamma, cikinsu har da Musulmi. Jati da talauci sun cuɗanya, ba kowane lokaci ake iya raba su ba. A Disambar 2013 an kama wata jami'ar diflomasiyyar Indiya, Devyani Khobragade, a New York bisa zargin ta yi ƙarya a takardun biza game da albashin 'yar aikinta. Gwamnatin Indiya ta fusata har ta janye shingen tsaro daga gaban ofishin jakadancin Amurka a Delhi. Jami'ar nan Dalit ce. Hayaniyar duk a kan mutuncinta aka yi, ita kuwa 'yar aikin ba a cika tuna ta ba.

Kada kuma mai karatu ya ce wannan matsalar Hindu ce kawai. Musulmin Indiya ma suna da Ashraf masu taƙama da asali, da na ƙasa da ke kiran kansu Pasmanda, waɗanda aka bari a baya.

Wa ke kare haƙƙin waɗannan mata?

Nan ne gizo ke saƙa. Indiya ba ta amince da Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba, wadda aka yi a 2011 don masu aikin gida. Wasu jihohi irin su Kerala da Karnataka sun ƙayyade mafi ƙarancin albashi, amma yawanci magana ce ta baki tsakanin uwar gida da 'yar aiki: ba takarda, ba hutun mako, in cokali ya ɓace ita ce ɓarauniya. A Yulin 2017 ɗaruruwan ma'aikata suka afka wa wani rukunin gidaje a Noida bayan wata 'yar aiki ta kwana ba ta koma gida ba. A Janairun 2025 Kotun Ƙoli ta umarci gwamnati ta kafa kwamitin da zai duba yin doka ta musamman.

Baƙo ya yi magana ko ya kama bakinsa?

In ka tsawata wa mai masaukinka a gaban 'yar aikin, gobe kai ka hau jirgi, ita ta rasa aikin. Abin da ke hannunka shi za ka yi: ka gaishe ta, ka kira ta didi, wato yaya, in ihsani za ka yi ka saka mata a hannunta. In a gidan da ka kama haya ne, ka ba ta shayi a kofin da kake sha. Wataƙila ta ƙi karɓa a karon farko, kada ka matsa. Kada kuma ka tambayi kowa jatinsa.

In hira ta kai can da mai masaukin, ka shirya, don zai iya mayar maka da tambaya. Namu ba irin nasu ba ne, ba mu da najasar haihuwa a addini. Amma akwai gidajen da har yau ba za su ba ɗan mahauci ko ɗan maroƙi aure ba, kuma yarinyar da aka kawo daga ƙauye aikatau, 'yar shekara goma sha biyu, a kan tabarma take kwana a kicin, dillaliya ce ke zuwa karɓar kuɗinta ƙarshen wata.