Bangaskiya da Hali: Tambayoyin Matasan Ikilisiya a Sakkwato

An tashi daga sujadar Lahadi, muna zaune a inuwar dogonyaro muna jiran rana ta ɗan yi sanyi, sai matasa suka kewaye ni da tambayoyi. Ga waɗanda na riƙe, da amsar da na ba su.

Baba, tunda ceto ta wurin alheri ne, me ya kawo hali cikin maganar?

Gaskiya ne, a Afisawa 2:8-9 Bulus ya ce alheri ne ya cece mu, ba ayyukanmu ba. Sai dai da yawa sukan rufe littafi a nan, ba su kai aya ta 10 ba, inda ya ce domin kyawawan ayyuka aka halicce mu cikin Almasihu. Yakubu kuwa bai yi kwana-kwana ba. A sura ta 2 ta wasiƙarsa ya kawo misalin ɗan'uwa mai yunwa, ba shi da sutura, ka ce masa ya sauka lafiya ba ka ba shi ko loma ɗaya ba. Ya ce irin wannan bangaskiyar matacciya ce.

Amma ai Hausawa sun ce hali zanen dutse ne.

Sun faɗa, kuma sun ga abin da suka gani. Ni ma na san mutumin da ya shekara talatin a ikilisiya, saurin fushinsa na nan yadda yake. To amma dubi Zakka a Luka 19, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda kowa ya sani da cuta. Ranar da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Abubuwa tara da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa, daga ƙauna zuwa kamunkai, 'ya'yan Ruhu aka kira su, ɗan itace kuma ba ya nuna rana ɗaya.

Ni ɗan kasuwa ne. In na ce zan yi gaskiya zalla, ba zan karye ba?

Ɗana, a nan ake gane Kirista, don a coci kowa salihi ne. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Kai ka san abin da ake nufi: mudun saye mai zurfi, mudun sayarwa an ɗan buga gindinsa ya shige ciki. Ko buhun albasa, manya masu sheƙi a baki, ruɓaɓɓu a ƙasa, sai ya isa Legas a kwance a gani. Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus.

Ba zan ruɗe ka ba, wata rana za ka yi asara, maƙwabcin rumfarka ya ci riba kana kallo. Amma a garin nan mu 'yan kaɗan ne. Mai sayen gero a wurinka wataƙila bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa. Mudunka kuwa yana ganinsa kullum, kuma da shi zai auna mu duka.

Arziki alamar albarka ne?

Wani lokaci. Ayuba adali ne, ya wayi gari ba komai. Ni addu'ar Agur a Karin Magana 30:8-9 ta fi kwanta mini: kada a ba shi talauci, kada a ba shi dukiya, abincin da zai ishe shi kawai, don kada ya ƙoshi ya yi musun Allah, ko ya rasa ya yi sata. Ban cika jin ana ta a taron addu'ar dare ba.

Yaya zan zauna da maƙwabcina Musulmi ba tare da na saki bangaskiyata ba?

Romawa 12:18 ta ce iyakar ƙoƙarinka ka zauna lafiya da kowa, ba ta ware wani ba. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, sai ya ba da labarin Basamariye, mutumin da Yahudawa ba sa shiri da mutanensa, shi ne ya tsaya ya ɗaure wa wanda 'yan fashi suka jikkata rauninsa. Je ka barkar suna, je ka gaisuwar mutuwa. In azumi ya faɗo a zafin Afrilu, kada ka tsaya ƙofar shagonsa kana kwankwaɗar ruwan sanyi, shiga ciki ka sha. In ya tambaye ka abin da ka gaskata, faɗa masa a fili cikin ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce. Ranar Kirsimeti kuma kwanon shinkafa ya fara isa gidansa, naman ya zama wanda mahaucin kasuwa ya yanka.