Zaɓen burauza: tsakanin aiki da shafuka da kare sirri

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita a kwamfuta ko a waya. Ita ke nemo shafi daga sabar da yake ajiye, ta karɓo rubutu da hotuna da umarnin da ke tafiyar da shi, ta jera su a allo. Tim Berners-Lee ne ya rubuta ta farko a 1990 a cibiyar bincike ta CERN. Netscape ta fito a 1994, Internet Explorer a 1995, Safari a 2003, Firefox a 2004, Chrome kuma a 2008. Wajen zaɓe, buƙatu biyu ne suka fi cin karo: samun wadda kowane shafi zai buɗe da ita ba gardama, da samun wadda ba za ta bari a riƙa bin sawun mai ita ba.

Injuna uku

Sunayen burauza suna da yawa, amma manyan injunan da ke cikinsu, wato ɓangaren da ke fassara shafi ya nuna shi a allo, uku ne. Blink na Google shi ne a Chrome, Edge, Opera, Brave da Vivaldi. WebKit na Apple yana cikin Safari, Gecko na Mozilla, mai Firefox, kuma a Firefox da Tor Browser. Opera ta ajiye nata injin a 2013, Microsoft ma ya mai da Edge kan Chromium, tushen Chrome mai ɗauke da Blink, a Janairun 2020. A iPhone, Apple ya daɗe yana tilasta wa kowace burauza amfani da WebKit, sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa ya sassauta a ƙasashenta.

Daga nan matsalar dacewa ta samo asali. Tun da mafi yawan jama'a suna kan Blink, masu gina shafuka da yawa da Chrome kaɗai suke gwaji. Idan fom ɗin banki ya ƙi tafiya a Firefox, ko kiran bidiyo ya ƙi kama makirufo, sau da yawa ba injin ne ya gaza ba, shafin ne ba a gwada shi a can ba. Wasu shafukan ma sunan burauzar kawai suke dubawa su rufe ƙofa. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce, ita ta sa har yau kusan kowace burauza take gabatar da kanta da "Mozilla/5.0", ko da babu abin da ya haɗa ta da Mozilla.

Yadda ake bin sawu

Kukis ƙananan bayanai ne da shafi ke ajiyewa a cikin burauza. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro su a Netscape a 1994 don shafi ya iya tuna baƙonsa. Su ne ke sa mutum ba ya sake rubuta kalmar sirri a kowane shafi na asusunsa. Amma kamfanin talla da ya dasa ɗan umarninsa a dubban shafuka shi ma yana ajiye nasa, sai ya gane cewa wanda ya duba takalma da safe shi ne yake karanta labarin ciwon suga da dare.

Safari ta fara daƙile wannan a 2017, ta toshe kukis na waje, wato waɗanda ba na shafin da aka buɗe ba, gaba ɗaya a 2020. Firefox ta kunna kariyarta ga kowa a 2019, a 2022 kuma ta koma ware wa kowane shafi rumbunsa na kukis, ta yadda wani ba zai leƙa na wani ba. Google, wanda akasarin kuɗinsa daga talla yake fitowa, ya sanar a 2020 cewa Chrome za ta daina karɓar kukis na waje, ya yi ta ɗage wa'adin, daga baya ya fasa. Sabon tsarinsa na ƙarin manhajoji, Manifest V3, ya kuma sa cikakkiyar uBlock Origin, manhajar toshe talla da masu bin sawu, ta daina aiki a Chrome, alhali tana nan a Firefox. Ita ma Mozilla ba ta kuɓuta daga Google ba: mafi yawan kuɗin shigarta daga yarjejeniyar sa injin bincikensa a Firefox yake zuwa.

Akwai wata hanyar da ba ta buƙatar kukis ko kaɗan. Shafi na iya haɗa girman allo, harshe, yankin lokaci, haruffan da ke na'urar da yadda take zana hoto, ya fitar da shaidar da ta bambanta ta da sauran. Ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta nuna haka a gwajinta na Panopticlick a 2010. Tor Browser na yaƙar wannan ta hanyar sa masu amfani da ita su yi kama da juna, sai dai tana da jinkiri, kuma shafuka da dama na tare ta da gwajin tabbatar da cewa mutum ne.

Inda ake sasantawa

Kariya mai tsauri kan karya shafi ne saboda abin da ke bin sawu da abin da ke sa shafi aiki kan biyo hanya ɗaya. Maɓallin "shiga da Facebook", akwatin biyan kuɗi da bidiyon da aka ɗora daga wani shafi duk daga waje suke zuwa. Shi ya sa Firefox da Brave suka sa alamar garkuwa kusa da adireshi, inda ake kashe kariya ga shafi ɗaya a bar saura. Wasu kuma kan ajiye burauza biyu, ɗaya ta yawon yau da kullum, ɗaya ta banki da aikin ofis, wanda ya fi sauƙi a kan yin kokawa da saituna.

Tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, ana yawan ba ta girman da ba ta kai ba. Tarihin shafuka da kukis kawai take sharewa daga na'urar idan an rufe ta. Kamfanin da ke ba da intanet, da wurin aiki, da shafin kansa duk suna iya sanin inda aka shiga. A 2024 Google ya amince ya goge biliyoyin bayanai don sasanta wata ƙara da aka shigar a Amurka kan tattara bayanan masu amfani da wannan taga.