Rikicin siyasa da yawon buɗe ido a Agadas

Agadas, babban birnin ƙasar Azbin a arewacin Jamhuriyar Nijar, yana cikin wuraren da suka fi nuna yadda tarzomar siyasa ke kashe kasuwar yawon buɗe ido. A shekarun 1980 shi ne zangon Turawa masu son ganin duwatsun Azbin da rairayin Tenere. Yau galibin ƙasashen Turai da Amurka suna gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su taka yankin.

Abin da ke jawo baƙi

Tun ƙarni na 15 akwai sarautar Azbin a garin, kuma Hausa ce harshen kasuwarsa, duk da cewa Abzinawa ne masu ƙasa. Hasumiyar babban masallacinsa, wadda aka gina da jar ƙasa da itace, ta kai mita 27, ana hango ta tun daga bayan gari. A 2013 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. A daji kuma akwai zanen raƙuman dawa da mutanen da suka shuɗe suka sassaƙa a dutsen Dabus, da lambunan Timiya, da bikin lasar gishiri na Ingal da ake yi a ƙarshen damina, da ayarin raƙuma masu ɗauko gishiri daga garuruwan Bilma da Fashi.

A zamanin da kasuwar ke ci, kakar baƙi lokacin sanyi ce, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Jirgin shata yakan sauka kai tsaye daga Faransa, motoci masu jure yashi suna jira. Kowace tawaga tana buƙatar direba, da ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi, da kuku, da mai raƙumi. In sun dawo gari sai su faɗa hannun maƙera, waɗanda ke zaune a ƙasa da zugazugi suna narka azurfa suna zuba abin adon wuya da ake kira kuros ɗin Agadas, da dukawa masu jakunkuna da takalma. Bature ɗaya kan ciyar da gidaje da dama bai sani ba.

Tawaye biyu da abin da ya biyo baya

Tawayen Abzinawa na farko ya tashi bayan kashe-kashen da sojoji suka yi musu a garin Cintabaraden a watan Mayun 1990. Hanyoyi suka rufe, har UNESCO ta sa gandun Azbin da Tenere cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 1992, shekara guda kacal bayan ta karrama shi. Mano Dayak, wanda ya kafa ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin yawon buɗe ido na garin, shi kansa ya zama jagoran 'yan tawaye, ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disambar 1995. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, kuma sannu a hankali baƙi suka dawo.

Farfaɗowar ba ta yi nisan kwana ba. A Fabrairun 2007 ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta kai hari garin Iferwan, gwamnatin Mamadou Tandja ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi. Kafin ƙurar ta lafa a 2009, wani sabon abu ya shigo wanda ya fi tawaye illa ga matafiyi, wato sace Turawa don kuɗin fansa. A Satumban 2010 reshen Alƙa'ida na Magrib ya kwashe mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. A Janairun 2011 aka ɗauke samari biyu Faransawa daga wani gidan abinci a tsakiyar Yamai, suka rasa rayukansu. Ranar 23 ga Mayun 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake barikin sojan Agadas da ma'adinar yuraniyom ta Arlit. 'Yan tawaye da gwamnati suke rigima, baƙo tsautsayi ne ke haɗa shi da su. Masu garkuwa kuwa baƙon ne hajarsu.

Jan fenti a taswira

Abin da ya ƙarasa kasuwar shi ne taswirar ma'aikatar harkokin wajen Faransa, wadda ta shafa wa arewacin Nijar ja. Da zarar wuri ya zama ja, kamfanonin inshora sukan janye, masu shirya tafiye-tafiye su soke, jirgin shata ya daina zuwa. Shafa jan abu ne na kwana ɗaya, goge shi kuwa sai a shekara goma ba a yi ba, ko da gari ya yi lafiya. Gargaɗin yana da hujja, amma wanda ya biya kuɗinsa maƙerin Agadas ne da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Direbobi da yawa da suka san hamada kamar tafin hannunsu sai suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, musamman bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Wata doka da Nijar ta kafa a 2015 ta haramta sana'ar, aka kama motoci, aka ɗaure mutane. Wasu suka nufi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten, inda aka gano ta a 2014.

Halin da ake ciki

Kudu ma ba ta tsira ba: ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan jagoransu a gandun raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, Faransa ta kwashe 'yan ƙasarta, aka rufe sararin samaniya kusan wata guda, aka kuma soke dokar 2015 a Nuwamban shekarar. A 2025 an sace mata biyu Turawa mazauna Agadas daga gidajensu, ɗaya 'yar Ostiriya a Janairu, ɗaya 'yar Suwizalan a Afrilu. Baƙon da zai fita daga Yamai sai da rakiyar jami'an tsaro.

Bikin gargajiya na Biyanu da ake yi a Agadas da na Ingal suna nan ana yin su, masu kallo dai yanzu 'yan ƙasa ne da maƙwabta, maƙera kuma da yawa sun koma bin kasuwannin baje koli na Yamai da ƙasashen waje da kayansu a jaka.