Korona mai tsanani a jikin yara da jarirai: yadda ake gane ta da yadda ake jinyarta

Ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta fita daga matakin gaggawa na duniya. Sanarwar ba ta kori ƙwayar cutar ba. Tana nan tana yawo tare da sauran cututtukan mura, kuma har yanzu akan sami yaron da za ta kwantar.

Ba cewa aka yi korona cutar tsofaffi ce ba? Tana yi wa yara illa kuwa?

Mafi yawan yaran da suka kamu ba sa wuce majina, tari da zazzaɓin kwana biyu zuwa uku, wasu ma ba a sanin sun yi ta. 'Yan kaɗan ne take tsananta musu, kuma ta hanyoyi uku take zuwa. Akwai wanda za ta sauka masa a huhu, numfashi ya gagara. Akwai jariri ɗan kwanaki, wanda alamominsa daban suke. Sai kuma wani kumburi na cikin jiki da ke tasowa makonni bayan an ɗauka yaro ya warke.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, bakwaini, masu ciwon zuciya na haihuwa, masu tamowa, masu ƙiba sosai, masu ciwon sukari, masu cutar daji ko ƙanjamau, da yaran da lalurar ƙwaƙwalwa ta hana su tari da haɗiya yadda ya kamata. A ƙasar Hausa dole a ƙara da masu sikila. Duk ciwon da ya rage iska a jininsu yana sa ƙwayoyin jinin su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyin huhu, iskar ta ƙara raguwa, abu ya yi ta ciyar da kansa. Don haka mai sikila da ya haɗa zazzaɓi da tari ko ciwon ƙirji, ranar nan ake kai shi asibiti.

Ta yaya uwa za ta gane cewa abin ya wuce mura?

Da ƙirga numfashi. A bari yaro ya natsu, ba yana kuka ko yana shan nono ba, a ɗage rigarsa, a ƙirga tashin cikinsa na minti ɗaya cur da agogon waya. Kada a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka, domin jarirai suna numfashi ne a rarrabe, su yi sauri su ɗan dakata. Numfashi ya yi yawa idan ya kai:

60 a minti ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

Sannan a dubi ƙasan awazu. Yaro mai lafiya idan ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan ƙasan ƙirjin yana faɗawa ciki a lokacin jan numfashi, huhun ya yi tauri, yaron da ƙarfin tsiya yake jan iska. Ga sauran alamun da ba a kwana da su a gida: nishi a ƙarshen kowane numfashi, buɗewar ƙofofin hanci, kasa kama nono ko shan ruwa, amayar da duk abin da aka ba shi, jijjiga, da barcin da ba a iya tayar da shi daga gare shi. Shuɗancewar jiki ba ta cika bayyana a baƙar fata ba, sai a buɗe baki a duba harshe da dasashi.

Tun zuwan nau'in Omikron a ƙarshen 2021 an ƙara ganin wata alama a ƙananan yara: tari mai kama da haushin kare, dushewar murya, da ƙara mai kaifi idan sun ja numfashi. Maƙogwaro ne ya kumbura. Idan ƙarar tana fita ko da yaron yana kwance shiru, asibiti za a nufa, kuma a lallashe shi a hanya, don kuka yana ƙara toshe hanyar iskar.

Jariri sabon haihuwa fa? Yana iya ɗaukowa daga ciki?

Yana yiwuwa, amma da wuya ƙwarai. Galibin jariran da suka kamu bayan haihuwa suke ɗauka, daga numfashin masu ɗaukarsu. Babbar illar da korona ke yi wa mai ciki ita ce ta janyo haihuwa kafin lokaci, sai a sami bakwainin da huhunsa bai nuna ba.

Jariri ba ya nuna ciwo irin na manya. Ba lallai ya yi tari ba. Abin da za a gani shi ne ya rage kama nono, jikinsa ya saki, ya daina motsi sai an taɓa shi, ko numfashinsa ya riƙa ɗaukewa na daƙiƙa 20 ko fiye. Zafin jikinsa na iya kai maki 38, yana kuma iya sauka ƙasa da 35.5, kuma sanyin ya fi ruɗar mutane domin ba a ɗaukarsa ciwo. Waɗannan alamu iri ɗaya ne da na gubar ƙwayoyin bakteriya a jini, wadda ke kashe jariri cikin sa'o'i. Shi ya sa ko gwaji ya nuna korona, likita zai fara masa allurar amfisilin da jentamaisin har sai an tabbatar babu bakteriya. Wannan daidai ne, ba kuskure ba.

Abu biyu ke ɓata lokaci a nan: jiran a yi suna kafin a fita da jariri, da kai shi wurin wanzami a cire masa beli saboda ya ƙi nono. Cire belin ƙari ne na zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta a kan jaririn da dama numfashi ke ba shi wuya.

Mai jego ta kamu. A raba ta da jaririn?

A'a. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2020 ita ce ta ci gaba da shayarwa, har da dakashi, kuma su zauna ɗaki ɗaya. Nononta na ɗauke da sinadaran garkuwar da jikinta ya haɗa don yaƙar ƙwayar. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauke shi, ta sa takunkumi idan za ta ba shi nono, a buɗe taga. Bakwaini a ci gaba da ɗora shi a ƙirjinta fata da fata. Idan jiki ya yi mata nauyi, ta tatsa a kofi mai tsabta wani mai lafiya ya ba shi. Waɗanda ya kamata a taƙaita su ne 'yan barka masu mura, da hayaƙin turaren wuta a ɗakin.

Idan an kwantar da yaro, me ake yi masa?

Abu na farko iskar oksijin. Ana maƙala masa 'yar na'ura a yatsa ko a ƙafa don auna iskar da ke jininsa. Ƙasa da kashi 90 cikin 100 yana bukatar oksijin. Ta siririn bututun hanci ake ba jariri rabin lita zuwa lita 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2, wanda ya fi haka har lita 4. Na'urar tana da inda take yaudara: hannu mai sanyi, motsi da baƙin lalle suna ɓata karatunta, kuma a baƙar fata takan nuna adadi sama da gaskiya. Yaron da ke fama da numfashi ana ba shi iska ko na'urar ta nuna 92. Ga bakwaini kuma akwai iyaka ta sama, ba a so ya wuce 95, domin oksijin da ya yi yawa yana lalata jijiyoyin idonsa har ya makance.

Kuskuren da aka fi yi shi ne majina ta toshe bututun ko hancin ba a lura ba, lita na tafiya amma ba ta isa huhu. Ana duba shi a kai a kai, a ɗiga ruwan gishiri na asibiti a hanci, a zuƙe majinar a hankali. Idan wannan bai wadatar ba, sai a koma na'urar CPAP mai tura iska da ɗan matsi don kada jakunkunan huhu su manne, daga nan sai injin numfashi.

Sauran aikin shi ne ciyarwa da lura. Yaron da ke haki zai iya shaƙar nono ya faɗa masa huhu, don haka akan zura bututu ta hanci zuwa ciki a ba shi tatsattsen nono kaɗan-kaɗan. Ana auna sukarin jininsa, domin yaron da bai ci ba sukarinsa na faɗuwa ya jawo jijjiga. Ƙarin ruwa ana yin sa da lissafi; idan ya yi yawa a huhu yake taruwa. Kuma a inda ake da sauro, kowane zazzaɓi sai an yi gwajin maleriya, don cututtukan biyu na iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Akwai maganin cutar kanta?

Akwai, kuma kowanne da lokacinsa. Deksametason yana kwantar da kumburin huhu. Binciken RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna a watan Yunin 2020 cewa ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, amma bai amfani waɗanda ba sa bukatar oksijin ba. Akasarin waɗanda aka yi binciken a kansu manya ne, daga nan aka ɗauko ƙa'idar yara: miligiram 0.15 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau ɗaya a rana, kada ya wuce miligiram 6, har zuwa kwana 10. Wanda ke da mura kawai ba a ba shi, domin yana danne garkuwar jiki a lokacin da take aikinta, yana kuma tayar da sukari. Ga mai sikila yana iya tayar da ciwon ƙashi bayan an daina, sai likita ya auna.

Remdesibir yana hana ƙwayar hayayyafa, ta jijiya ake ba da shi: ga yaron da ya kai kwana 28 mai nauyin kilo 3 zuwa ƙasa da 40, miligiram 5 ga kowane kilo a ranar farko, sannan 2.5 kullum, ana duba lafiyar hanta. Ya fi amfani a kwanakin farko. Paxlovid na 'yan shekara 12 zuwa sama ne masu nauyin kilo 40 ko fiye, cikin kwana 5 da fara ciwo, kuma yana karo da magunguna da yawa, ciki har da wasu na farfaɗiya.

Kulorokwin da ibamektin an gwada su, ba su yi aiki ba. A gida farasitamol ya isa don zazzaɓi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo duk awa 6. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, ba a rufe zazzaɓinsa da magani a zauna.

Mene ne wannan kumburin da ke zuwa daga baya?

Likitocin yara a Ingila ne suka fara ankarar da duniya a watan Afrilun 2020, yanzu ana kiransa MIS-C. Yana tasowa mako 2 zuwa 6 bayan kamuwa, sau da yawa a yaron da koronarsa ba ta wuce 'yar mura ba, ko ma ba a san ya yi ta ba. A lokacin ƙwayar ta riga ta tafi. Garkuwar jikin ce ta ƙi tsayawa, ta koma tana kumbura jijiyoyin jini, zuciya da hanji. Ya fi kama 'yan makarantar firamare, kuma ya ragu sosai tun bayan zuwan Omikron.

Alamominsa: zazzaɓi mai zafi na kwana 3 ko fiye, ciwon ciki mai tsanani da amai ko gudawa, jan ido ba tare da kwantsa ba, jan leɓe mai tsattsagewa, jan harshe, ƙuraje, kumburin hannu da ƙafa. Haɗarin yana zuciya. Tsokarta na iya raunana, jini ya faɗi, hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ragu. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta kuma na iya buɗewa su yi ƙullutu.

Wannan shi ne wanda ya fi saurin kuɓucewa a wurarenmu, domin kowace alamarsa tana da mai ita. Jan ido da ƙuraje a ce ƙyanda, zazzaɓi da ciwon ciki a ce taifod, ciwon gefen dama a ce afendiks har a shirya tiyata. Dole ne a binciki waɗannan, da maleriya da sanƙarau, tunda sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Amma yaron da aka yi wa maganinsu zazzaɓi bai sauka ba, ga jan ido ga faɗuwar jini, a tambayi iyayensa ko an yi mura a gidan wata guda da ya wuce. Gwajin hanci kan fito babu komai a wannan mataki. Gwajin jini mai neman sinadaran garkuwa ne ke nuna tsohon kamu. Ana haɗawa da gwajin kumburi na CRP da hoton zuciya.

Yaya ake maganinsa?

A asibiti kawai. Ana ba da maganin kumburi metilfirednisolon ta jijiya, miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo a rana, sannan a riƙa ragewa a hankali cikin mako 2 zuwa 3. Yankewa farat ɗaya na dawo da zazzaɓin. Ana haɗawa da IVIG, wato sinadaran garkuwa da aka tace daga jinin masu ba da gudummawa, giram 2 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 20 zai bukaci giram 40 ke nan, ga tsada ga wuyar samu. Inda babu shi ba a zauna jira ba: jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Nuwamban 2021 ta goyi bayan amfani da maganin kumburin tare da kulawar asibiti. IVIG ruwa ne mai yawa, don haka idan zuciya ta yi rauni akan raba shi kwana biyu. Haka idan jini ya faɗi, ba a antaya ƙarin ruwa; mililita 10 ga kowane kilo ake sawa, a saurari ƙirji, a taɓa hanta, in bai tashi ba a koma adirenalin.

Akan ƙara da asfirin kaɗan, miligiram 3 zuwa 5 ga kowane kilo a rana, don hana jini daskarewa, sai in ƙwayoyin tsayar da jini sun yi ƙasa ko yaron na zubar jini.

Bayan an sallame shi, shi ke nan?

Yawancin yara zuciyarsu na komawa daidai cikin makonni, amma sai an bibiya. Ana maimaita hoton zuciya bayan mako 1 zuwa 2, a sake a mako na 4 zuwa 6, daga nan likita ya yanke ko a daina asfirin. Idan yaron da ke shan asfirin ya kamu da ƙarambau ko mura mai zafi, a sanar da likita nan take, domin haɗuwarsu na iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Wanda tsokar zuciyarsa ta kumbura zai bar ƙwallo, guje-guje da aikin ƙarfi na wata 3 zuwa 6. Wanda aka yi wa IVIG kuma a rubuta ranar a katinsa na rigakafi: allurar ƙyanda ba za ta kama shi sosai ba sai bayan wata 11, don haka ma'aikacin rigakafi na bukatar sanin ranar kafin ya sa masa lokaci.