Shara da Sana'ar Jari-bola a Legas

Jari-bola sana'a ce ta tsince abin da ke da sauran amfani a cikin shara, irin su ƙarfe da roba da kwali da gwangwani, a sayar wa masu sake sarrafa su. A Legas, masu wannan sana'a ne ke yin mafi yawan aikin rarrabe sharar gidaje, kuma da yawansu Hausawa ne da sauran 'yan Arewa, har da 'yan Nijar masu zuwa ci-rani. Hukumomin jihar suna ƙiyasta cewa birnin yana fitar da shara kimanin tan 13,000 kowace rana. Kusan rabinta abin da ke ruɓewa ne: ragowar abinci, ɓawon doya da ayaba, ganye, da dattin kasuwa. Yawancin gidaje suna haɗa komai a leda ɗaya, don haka sai bayan an zubar ake rarrabewa, da hannu, a bakin titi ko a kan juji.

Hukuma da 'yan kwangila

Hukumar da ke kula da shara a jihar ita ce LAWMA. Asalinta hukumar kwashe shara ce da aka kafa a 1977, ta kuma samu sunan da take da shi yanzu a 1991. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara shigo da kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda kowa ya sani da PSP. Ana ba kowane kamfani yankinsa, motarsa ta riƙa zagayawa tana kwashe shara, gidaje kuma su biya kuɗi wata-wata. Kasuwanni suna da nasu tsarin: ranar Alhamis da safe ba a buɗe shago sai an gama tsafta, wajen ƙarfe 10.

A 2017 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta sauya tsarin, ta miƙa kwasar sharar gidaje ga kamfanin Visionscape. Sauyin bai yi armashi ba. Shara ta taru a manyan tituna, daga baya aka mayar da 'yan PSP bakin aikinsu.

Motar PSP babba ce, ba ta shiga kowane lungu, kuma idan damina ta lalata hanyar juji sai ta jima ba ta zo ba. Masu tura kura ne ke cike wannan giɓi: su karɓi shara a ƙofar gida, a biya su nan take. Gwamnatin jihar ta haramta aikinsu, tana mai cewa wasunsu suna juye sharar a magudanan ruwa da tsakiyar titi da daddare. Zargin yana da tushe, sai dai matar da buhun shara ya kwana biyu yana wari a ƙofarta ba za ta ƙi kiran mai kura ba, shi ya sa kame bai kawar da su ba.

Olusosun

Juji mafi girma a Legas shi ne Olusosun da ke Ojota, kusa da inda babbar hanyar Ibadan ta shigo gari. An fara zuba shara a wurin a 1992, lokacin yana bayan gari. Yau gidaje da masana'antu da tashoshin mota sun kewaye shi. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 40. Akwai wasu jujin a Solous da ke Igando, da Ewu-Elepe a Ikorodu, da Epe, da Badagry.

Da mota ta juye kaya, masu tsinta suke rufe ta, kowa da buhu a kafaɗa da ƙugiyar ƙarfe a hannu, suna tonawa kafin katafila ta zo ta daddanne. Wani roba kawai yake nema, wani kwali, wani tsofaffin takalma. A gefen jujin akwai rumfunan masu saye da sikelinsu, da masu abinci. Haɗarin wurin ba kaɗan ba ne: fasasshiyar kwalba, allurar asibiti, mota mai ja da baya, da iskar gas da ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa, wadda ke kama wuta da kanta lokacin rani. A watan Maris na 2018 gagarumar gobara ta tashi a Olusosun, hayaƙi ya lulluɓe unguwannin kusa na kwanaki. An rufe jujin, aka sake buɗe shi bayan wani lokaci. Gwamnati ta sha bayyana niyyar rufe shi gaba ɗaya tare da na Solous.

Daga ƙofar gida zuwa sikeli

Ba kowane ɗan jari-bola ne ke hawa juji ba. 'Yan gwangwan suna bin unguwanni da kura ko baro, suna sayen abin da gida ya gaji da shi: janareto da ya mutu, fanka, tukunyar da ta huje, tsohon batir, ragowar rodi. Galibi ba da kuɗinsu suke saye ba. Ubangida, wato mai wurin tara kaya, shi ke ba yaro kura da jarin ranar, wani lokaci har da wurin kwana, da sharaɗin cewa shi za a kawo wa kayan. Irin waɗannan wurare suna da yawa a inda Hausawa suka daɗe da zama, kamar Agege da Mile 12 da Ijora. Kasuwar Owode Onirin, kusa da Mile 12, ta yi suna wajen cinikin tsohon ƙarfe.

A wurin ubangida ake yin ainihin rarrabewar, kuma aiki ne na sani. Ana ɗora mayen ƙarfe a kan abu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne mai arha, in bai kama ba, sai a kankare shi da wuƙa a ga launinsa, ko jan ƙarfe ne, ko alminiyom. Jan ƙarfe ya fi kowanne tsada, shi ya sa ake farke injin fanka da na firiji don a ciro wayar da aka naɗe a ciki. Gorar ruwa kuma ana ware fara daga mai launi, a cire murfi a tara shi daban, domin robarsa ba irin ta gorar ba ce. Kwali sai busasshe. Wanda ya jiƙe ko ya sha manja, mai saye zai rage masa kuɗi ko ya ƙi shi. Komai da kilo ake aunawa, kuma yawan rigimar da ke tsakanin yaro da ubangida a kan sikeli take.

Wata mummunar hanya da har yanzu ake bi ita ce ƙona waya don robar ta narke a samu jan ƙarfen. Hayaƙin guba ne ga mai ƙonawa da maƙwabta. Haka ma fasa batir a zubar da ruwansa a ƙasa don a ciro dalma.

Daga nan kaya suke wucewa ga manyan dillalai. Ƙarfe yana tafiya masana'antun narka ƙarfe na yankin Ikorodu da Ogijo ta jihar Ogun, ya dawo kasuwa a matsayin rodin gini. Ana matse gorori ko a niƙa su, a yi zaren cusa filo da katifa, ko a fitar da su waje. Ledar fiya-wata ana narka ta a yi sababbin kayan roba. Wasu gororin ma ba sa zuwa masana'anta: wanke su ake yi a sayar wa masu zoɓo da kunu.

Rarrabewa a gida

An yi ƙoƙarin mayar da rarrabewar cikin gida. Kamfanin Wecyclers, wanda Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa da abokan aikinta a 2012, ya fara da kekuna masu ɗaukar kaya, yana karɓar roba da gwangwani daga gidajen talakawa, yana ba su maki da za su musanya da kayan amfani ko kuɗi. A 2019 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da shirin Blue Box, wanda ya tanadi shuɗiyar jaka domin abin da za a sake sarrafawa. Akwai kuma manhajar Pakam, da ake kiran mai ɗaukar kaya ta waya.

Sai dai a gidan haya mai ɗaki goma da tsakar gida ɗaya, ba wurin ajiye mazubi biyu, kuma wanda ya wahala ya ware sharar ya ga an haɗe ta a mota ɗaya ba zai sake ba. Abin da ke yiwuwa a kowane gida shi ne buhu guda a rataye a bango, na gora da gwangwani da kwali, kada ragowar miya ta taɓa su. Fasasshiyar kwalba da reza a naɗe su a takarda, domin hannun mutum ne zai shiga cikin ledar.

Doka da zargi

Abin da ba shi da mai saye shi ke toshe kwata. Farin mazubin abinci na soso yana cikin irin wannan: ba nauyi, ba kuɗi, don haka ba mai tsintarsa. A Janairun 2024 Kwamishinan Muhalli Tokunbo Wahab ya sanar da haramta shi, sannan daga 1 ga Yulin 2025 aka fara tilasta dokar a kan tsinken shan lemo da kofuna da cokulan roba na amfani sau ɗaya da siririyar leda. Dokar ba ta haɗa da gorar ruwa da ledar fiya-wata ba.

Su kuwa 'yan jari-bola, babban abin da ke ɓata musu suna shi ne satar murfin ramukan titi da wayar lantarki da ƙarfen gada. Ana samun masu yin hakan, da masu saye daga hannunsu suna sane. Amma laifin 'yan kaɗan yakan shafi duk mai tura kura, har ya kai rukunin gidaje da dama sun hana su shiga, wasu kuma sun sha duka a kan zargin da ba a tabbatar ba. A wasu wuraren tara kaya shugabannin sana'ar suna yi wa yaransu katin shaida da riga mai lamba, suna kuma ƙin sayen duk abin da ya yi kama da kayan gwamnati.